Maƙabartun Nasarawa da Kudancin Kogin Kaduna: Inda Baƙin Farko Suka Kwanta

Maƙabartun da ke Nasarawa da maƙwabtanta na kudancin Kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Tirkaniya da Kudenda, asalinsu maƙabartun ƙauye ne. An keɓe filayensu a bayan gari, cikin gonaki, tun lokacin da mazauna wurin ba su da yawa kuma kowa ya san kowa. Yau gidajen haya da shaguna da garejin kanikawa sun matso su ta kowace kusurwa. Waɗanda ke kwance a ɓangarorin da suka fi tsufa su ne baƙin farko: leburorin jirgin ƙasa, maƙera, mahauta, fatake, malamai da almajiransu, daga baya kuma ma'aikatan masaƙu da matansu da 'ya'yansu. Kusan dukkan manyan cikinsu a wani gari aka yanke musu cibiya. Neman abinci ya kawo su, da niyyar in sun samu su koma, sai ƙasar Kaduna ta riƙe su.

Ƙasar Gbagyi da zuwan dogo

Kafin Turawa su sa ido a kan wannan wuri, ƙasar ta Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Ƙauyukansu na warwatse a bakin kogi da gindin duwatsu, suna noman dawa da doya, yankin kuma yana ƙarƙashin Zazzau. Ba su da buƙatar wani babban fili guda na binne mutane. Kamar al'ummomi da dama na tsakiyar Nijeriya, dattijo yakan kwanta a cikin gidansa ko kusa da shi, a ƙasar da ya gada, kabarin kaka kuma shi ne shaidar cewa filin na wannan zuri'a ne. Maƙabarta irin wadda aka sani yanzu, fili ɗaya na kowa da kowa a wajen gari, ta samu ne da zuwan mutanen da ba su da gonar gado a nan.

Layin dogo ne ya kawo su. Wanda aka fara shimfiɗawa daga Baro a 1907 ya tsallake Kogin Kaduna ya isa Kano a 1911, aka kuma haɗe shi da na Legas a Minna. Gwamna Lugga ya ga wurin yana da ruwa da fili da hanyar jirgi, sai ya zaɓe shi. Sojoji suka fara tarewa a 1913, a 1917 kuma hedikwatar Arewa ta bar Zungeru ta dawo Kaduna. Turawa sun ajiye ofisoshinsu da gidajensu a arewacin kogi. Babbar tashar jirgi kuwa tana kudu, kuma da layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan, ya iso a shekarun 1920, sai ta zama mahaɗar jiragen Legas da Kano da gabashin ƙasar. Inda jirgi ke tsayawa, nan 'yan dako da masu tuwo-tuwo da masu gyaran ƙarfe suke kafa bukka.

Mutuwa ba ta jira garin ya zauna da gindinsa ba. Annobar murar 1918 ta bi layin dogo daga bakin teku ta shiga Arewa, ta hallaka dubban ɗaruruwan mutane a faɗin Nijeriya. Leburan da ya fito daga ƙasar Katsina ko Barno ko Nufe, ya cika a zangon ma'aikata, ba motar da za ta kai shi gida, addininsa kuma bai yarda a ajiye shi ana jiran dangi ba. Abokan aikinsa ne za su yi masa wanka, su haɗa kuɗin likkafani, su nemi gefen daji su rufe shi. A Lakwaja, har yau ana iya karanta sunayen jami'an Turawa da 'yan mishan a jikin duwatsun kaburburansu, an kuma san inda Sarkin Kano Alu yake kwance, wanda ya rasu a can a 1926 bayan Turawa sun kai shi zaman ɗaurin talala. Mutanen da suka ɗauki ƙasa a kwanon sarki suka cike hanyar dogo ba su samu dutse ko rubutu ba.

Yadda zango ke samun maƙabarta

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma shekarun farko na kowane sabon mazauni haka suke: mutane na zuwa da rani, su koma gona da damina. Zama na gaskiya yana farawa ranar da aka kawo mata da yara. Daga nan ake naɗa mai unguwa, a tsayar da liman, a kewaye masallaci, sai kuma maganar inda za a riƙa kai mamata.

Yadda aka saba yi a ƙasar Hausa da duk inda Hausawa suka yi zango, dattawa ne ke ɗaukar goro su je wurin mai ƙasa, ko sarkin ƙauye ko mai gona, su roƙi fili. In ya bayar, a taka iyaka a gaban shaidu: daga waccan tsamiya zuwa wancan suri, daga bakin rafi zuwa turbar shanu. Wani lokaci mai hali ne ke sayen gonar ya bayar sadaka mai gudana. Takarda ba ta shiga ciki, don a wancan zamani maganar dattijo a gaban jama'a ta wadatar, kuma babu wanda ya taɓa tunanin ranar da taku goma na wannan daji zai yi kuɗi. A fiƙihun Malikiyya, wanda malaman ƙasar nan ke bi, irin wannan fili ya zama wakafi: ba a sayarwa, ba a gado, ba a kyauta da shi. Muhtasar na Halil ya ɗauki kabari kansa a matsayin abin da aka tsare wa wanda ke ciki, ba a tafiya a kansa, ba a tone shi muddin akwai saura daga jikin mamacin.

Kaburburan farko a irin wannan fili galibi gajeru ne. Ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da gudawa su ne ke ɗaukar yara, naƙuda kuma tana ɗaukar iyayensu mata. Magidancin da ya binne ɗa biyu ko uku a wuri ba ya barinsa da sauƙi. Haka, a hankali, maganar “in na mutu a kai ni gida” take komawa “a sa ni kusa da 'ya'yana”. Wannan sauyi ne ke mayar da zango gari, kuma ya faru a wurare da yawa ban da Kaduna: a Sabon Ibadan da aka keɓe wa Hausawa a 1916, a zangunan Kumasi da Ankara a ƙasar Gana, da Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda mabiyan Muhammadu Bello Mai Wurno suka sauka bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903. A zangunan Hausawa, ɗaya daga cikin manyan nauyin da ke kan sarkin zango shi ne suturta baƙon da ya rasu ba shi da kowa.

Zamanin masaƙu

Abin da ya cika kudancin kogi da mutane, ya kuma mayar da Nasarawa babbar unguwa, shi ne masana'antu. A 1956 aka cire Kaduna daga Lardin Zazzau aka mai da ita yankin babban birni mai cin gashin kansa. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin shekarun 1960 Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, ga kamfanin ƙera makamai na DICON da aka kafa a 1964, sannan a 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot. Ƙidayar 1963 ta ba Kaduna mutum kusan 150,000, adadin kuma bai daina hawa ba.

An tsara wa masana'antun filaye da titi da wuta. Ma'aikatan kuwa kowa ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa. Kakuri da Makera suka cika, aka tsallaka gonakin da ke yamma, ana sayen fuloti daga hannun masu gona, ana gina ɗakunan haya a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. A gida guda sai a samu Bazazzagi da Bajju da Tibi da Idoma da Igala da Bayarabe, kowa na jiran jiniyar canjin aiki. Da yawansu suna da 'yar gona a bayan gari da suke taɓawa bayan an tashi. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, wadda kuma Adams Oshiomhole ya daɗe yana sakatarenta, a Nasarawa ta gina hedikwatarta, a bakin babbar hanyar da ta zagaye gari ta yamma.

Ba a yi wa waɗannan unguwanni tanadin maƙabarta daidai da yawan mutanen da suka kwararo ba. Filayen da dattawa suka roƙa domin ƙauye mai gida hamsin su ne suka ci gaba da karɓar mamatan unguwa mai mutum dubbai. Da masaƙun suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, sauran ma ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin ma'aikata da yawa ba su da abin komawa gida, wasu kuma ba su da sauran gidan komawa bayan shekara talatin a Kaduna. Da dama sun rasu suna jiran haƙƙoƙinsu na sallama. Su ne rukuni na biyu na mutanen da suka cika waɗannan filaye.

Aikin kabari

Binne Musulmi a Nasarawa bai bambanta da na Zariya ko Kano ba, kuma gaggawa ce ginshiƙinsa. Wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an dawo daga rakiyarsa. Da zarar rai ya yi halinsa, ana aika wa masu haƙa da awon tsawon mamaci. A da da karan dawa ake awon, a karya shi daidai tsawon mutum, a ba yaro ya ruga da shi. Yanzu sau da yawa waya ake bugawa. Kafin a gama wanka da ruwan ganyen magarya, a sa turare, a naɗe shi cikin farin yadi, ya kamata a ce kabari ya kusa.

Haƙar hawa biyu ce. Ana fara buɗe rami mai faɗi, wanda ake kira uwa, sannan a tsakiyarsa a yanka wani siriri daidai kwanciyar mutum a kan gefensa, shi ne 'ya. Risala ta Ibn Abi Zaid ta fifita lahadu, wato ramin da ake rarakewa a jikin bangon alƙibla, in ƙasar mai ƙarfi ce da ba ta rufzawa. Amma abin da aka fi yi a ƙasar Hausa shi ne wannan na tsakiya. Kabarin yana miƙewa daga kudu zuwa arewa. Ana kwantar da mamaci a kan damansa, kai kudu, ƙafa arewa, fuska gabas. Sai a jera guntayen itace a kan bakin 'yar, a rufe su da ganye, yawanci na dogon yaro, a bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a toshe duk wata kafa, sannan jama'a su tura busasshiyar ƙasa har ta yi tudu kaɗan. A Kano da wasu garuruwa fasassun tukwane ake jerawa a madadin itace. A ƙarshe a yayyafa ruwa, a sa dutse ko reshe wajen kai, liman ya yi addu'a, a juyo.

Ƙasar kudancin Kaduna tana wahalar da mai diga. Da rani, jar ƙasa da marmara sukan ƙeƙashe har diga na tartsatsi, kabarin da zai ci awa ɗaya ya ci uku. Da damina kuwa, a garin da ruwan sama ke wuce milimita 1,000 a shekara, matsalar ta juye: a wurare masu kwari ana haƙawa ruwa na tsattsafowa, sai an kwashe da bokiti, sabon kabari kuma yana iya lotsawa bayan mamakon dare ɗaya. Saboda haka masu aikin ke zagayawa da shebur bayan kowane babban ruwa suna cike inda ya zauna. Ba wanda ya aike su, ba kuma mai biyansu wannan zagaye.

Masu haƙar kabari su ne ma'aikatan da aka fi mantawa da su a garin. Akasarinsu abin da masu rakiya suka jefa musu na sadaka shi ne abincinsu. A maƙabartar Tudun Wada, a ɗaya tsallaken kogi, gida ɗaya ya shafe kimanin shekara hamsin yana wannan hidima, daga iyaye zuwa 'ya'ya, ba albashi, sai daga baya ƙaramar hukuma ta fara biyansu. Kuma a kansu ilmin wurin yake. Tsohon mai haƙa ya san layin da aka rufe shekarar sanƙarau ta 1996, ya san inda limamin farko yake, ya san ɓangaren da ya daɗe har ana iya komawa kansa da wanda in an sa diga za a tarar da mutum. Da yake Risala ta karhanta gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa, kabarin Musulmi tudun ƙasa ne kawai, damina biyar ko shida ta isa ta daidaita shi da sauran fili. 'Yan shekarun nan an fara kafa ƙananan allunan ƙarfe masu suna da ranar rasuwa, sai dai tsatsa na cin su, masu jari-bola ma ba su bar su ba. Ranar da tsohon mai haƙa ya bi waɗanda ya rufe, sunaye ɗari-ɗari ke bin sa.

A gida kuwa ana shimfiɗa tabarmi a ƙofa, masu gaisuwa na zuwa suna “Yaya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.” Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in sun zama abin saɓani tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wasu gidaje na yi, wasu sun bari. A bakin kabari dai wannan saɓani ba ya hana kowa kama makara.

Masu kai gawa gida

Rabin labarin ke nan, domin Nasarawa unguwar Musulmi da Kirista ce tun tasowarta. Ga mafi yawan Kiristocin da aikin masaƙa ya kawo, babban mutum a garinsu ake binne shi. Ana ajiye gawa a ɗakin ajiye gawa na asibiti, irin na Gwamna Awan ko na Saint Gerard da ke Kakuri, mako biyu ko wata guda, dangi su taru, a yi kwanan zaune na addu'a da waƙoƙin coci a ƙofar gidan da ya zauna, da safe a sa akwati a mota a nufi Zonkwa ko Kagoro ko Kwoi, ko a miƙa har Binuwai ko ƙasar Ibo. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, waɗanda ke taro ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, babban dalilin kafa su ke nan: kowa na zuba kuɗin wata-wata domin ranar da ta same shi a kai shi gida.

Waɗanda ake binnewa a Kaduna su ne yara, da marasa ƙarfi, da waɗanda zuri'arsu ta daɗe har ba ta da wata alaƙa mai ƙarfi da ƙauye. Kaburburansu na siminti ne, da gicciye, da suna da shekarar haihuwa da ta rasuwa, don haka sun fi daɗewa ana gane su, sun kuma fi cin fili, tunda ba a komawa kansu. Tsadar mota da ta ajiyar gawa da rashin tsaro a hanyoyi suna ƙara yawan iyalan da ke haƙura su binne nasu a nan. Jikokin ma'aikatan masaƙa, waɗanda Hausar Kaduna ce harshensu na yau da kullum, da wuya su ga dalilin a kai su wani ƙauye da suka taɓa zuwa sau biyu a rayuwarsu.

Shekarun rikici

Rikicin da ya ɓarke a Kaduna ranar 21 ga Fabrairu 2000 a kan batun shari'ar Musulunci, ya kuma sake tashi a watan Mayu, ya ci rayukan da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ƙiyasta sun kai 2,000 ko fiye. A watan Agusta 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, shugabannin addini 22 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Wata uku bayan haka, a Nuwamba, rikicin gasar sarauniyar kyau ya kashe kimanin mutum 250, Nasarawa da Tirkaniya kuma suna cikin unguwannin da abin ya fi shafa. An sake zubar da jini bayan zaɓen Afrilu 2011, da kuma a watan Yuni 2012.

A irin waɗannan kwanaki tsarin jana'iza duka yakan rushe. Dokar hana fita ta hana rakiya, gawarwaki sun fi ƙarfin masu wanka da masu haƙa, wasu ba a gane su ba. An binne mutane da yawa a manyan ramuka na bai-ɗaya, akwai kuma iyalan da har yau ba su san inda nasu yake ba.

Abin da ya biyo baya ya sauya taswirar garin. Musulmi da yawa suka bar kudancin kogi suka koma Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Mu'azu, Kiristoci suka bar arewa suka cika Sabon Tasha da Television da Romi da Narayi da Gonin Gora. Nasarawa da Kakuri da Makera sun ci gaba da zama da addinan biyu, sai dai kowa ya ja ɓangarensa. Masu rai sun iya sayar da gida su tashi, kaburburan iyayensu kuwa suna inda aka bar su. A sassan Kaduna da dama an wayi gari maƙabartar wata al'umma tana tsakiyar mutanen da ba nasu ne ke ciki ba. Inda maƙwabta suka tsare irin wannan wuri, suka hana a zuba shara ko a ci iyaka, sun yi abin da ya cancanci a faɗa a yaba, domin kaburburan nan su ne hujjar da ta rage cewa unguwannin Kaduna sun taɓa zama na kowa.

Fili da takarda

Babbar barazanar yau ita ce ƙarancin fili. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Chikun, inda Nasarawa take, mutum kimanin 370,000, Kaduna ta Kudu kuma kimanin 400,000, an kuma ƙaru sosai tun daga lokacin. Lissafin ba shi da wuya. In aka ba kowane kabari murabba'in mita uku, har da ɗan wurin taka ƙafa, hekta guda za ta ɗauki kimanin 3,000. Unguwar da ke rufe mutum uku a rana za ta cinye wannan hekta cikin shekara uku. Abin da ya sa tsofaffin filayen ba su rufe ba tuntuni shi ne komawa da ake yi kan tsofaffin layuka, wanda malamai suka halatta in jiki ya riga ya zama ƙasa, kamar yadda ake yi a Baƙi'a ta Madina. To amma hakan na buƙatar wanda ya san shekarun kowane layi.

Sai cin iyaka. Tsamiyar da aka yi shaida da ita an sare ta, surin ya baje, dattawan da suka taka iyakar sun rasu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta kuma mayar da takardar shaidar mallaka abin da hukuma da kotu suka fi dubawa. Filin da ba shi da awo ba shi da takarda, ko da mutum dubu goma ne ke kwance a ciki, yana da rauni a gaban mai fuloti da ya zo da tasa takardar. Cin iyakar ma ba a rana ɗaya ake yin sa ba: yau an ɗan matso da katangar gida, gobe an kafa rumfar mai faci, jibi turbar masu babur ta ratsa ta kan kaburbura. Inda babu katanga, awaki da shanu na kiwo a ciki, kwatar unguwa na malalowa, ciyawa na tsawo har macizai su samu mafaka, da hunturu kuma wuta ta cinye ta tare da alamomin da aka kafa. Akan samu ɓata-gari da ke fakewa a ciki da dare, an kuma sha kama masu tone kaburbura a garuruwan Arewa daban-daban.

Jama'a ba su zauna sun naɗe hannu ba. Kwamitocin maƙabarta, da 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala, da matasan coci-coci, sukan yi gayyar share ciyawa, a bi masallatai da majami'u ana tara kuɗin bulo da siminti, wani ya sayi diga da shebur, wani ya haƙa rijiya. Wannan ƙoƙari ne ya riƙe wuraren har yau. Amma gayya ba ta yin awon fili, ba ta fitar da takarda daga hukumar KADGIS da aka kafa a 2015 domin rajistar filayen jihar, ba ta kuma iya keɓe sabon fili a bayan gari kafin masu yanka fuloti su kai can.

Akwai kuma littafin rajista, wanda ya fi komai araha, ya kuma fi komai amfani. Abin da ya faru a Kano a watan Afrilu 2020 ya isa misali. Masu haƙar kabari ne suka fara faɗa wa duniya cewa mutuwa ta yi yawa fiye da yadda aka saba. Da aka zo bincike, sai da aka bi gida-gida ana tambayar iyalai. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama sanadin korona. Da kowace maƙabarta na da littafi mai ɗauke da suna da shekaru da unguwa da rana da layin da aka sa mutum, da an ga hawan adadin tun makon farko. Irin wannan littafi zai gaya wa mai haƙa inda zai sa diga, ya nuna wa maraya inda mahaifinsa yake, ya kuma zama shaida a gaban alƙali ranar da aka yi jayayyar iyaka.

Ga ɓangarorin da suka riga suka tsufa, abin da ya rage shi ne a zauna da tsofaffin masu haƙa da limamai da masu unguwanni da dattawan Gbagyi da suka san wanda ya ba da kowane fili, a rubuta abin da suka sani tun suna da rai. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Jihar Kaduna da masu bincike na Gidan Arewa za su iya wannan aiki da abin ɗaukar magana da littafin rubutu. Awo da katanga da albashin masu haƙa da sabon fili kuwa ba alfarma ba ce da za a roƙa wurin ɗan siyasa lokacin zaɓe. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kafa maƙabartu da kula da su a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Na Nasarawa da Tirkaniya da Kudenda suna wuyan Chikun, na Kakuri da Makera suna wuyan Kaduna ta Kudu.